Ranar da Cindo Ya Buɗe Coci Don Kallon Ƙwallo

A shekarun farko na jihar Kebbi, a wata tunga da ke bakin tafkin Kainji, can ƙasan Wara, an yi wani saurayi mai suna Cindo. Masunci ne ɗan masunci, kuma shi ne shugaban matasa a ɗan cocin da ke tungar. Ba rago ba ne, ba a kuma taɓa jin sa da sata ko shan giya ba. Abin da ke damunsa shi ne son a ce shi ya yi. Idan wata dabara ta faɗo masa a rai, ba ya iya jiran kowa, gani yake duk wanda ya ce a dakata bai kai shi hangen nesa ba.

Musulmi sun fi yawa a tungar, Kiristoci gidaje kaɗan ne, amma a ruwa ɗaya suke kamun kifi, kasuwa ɗaya suke ci. Cocin ginin laka ne da rufin kwano, kuma babu ɗakin da ya kai shi girma a wurin. Wani dattijo, Baba Gambo, shi ya ja gaba aka gina shi bayan da ruwan madatsa ya cinye tsohon garinsu, kuma tun daga lokacin mabuɗin yana hannunsa.

A wannan shekara matasa sun haukace da ƙwallo, domin Najeriya tana ta cin wasa a wata babbar gasa. Duk ranar wasa sai su bar komar kamun kifi a bakin ruwa su nufi Wara, wasu su dawo da warin burukutu a baki. Cindo ya kai maganar gaban dattawan coci. Ya ce abokinsa Hafizu, makanikin injin jirgi, ya sayo talabijin da ɗan janareta daga Yelwa, me zai hana a kafa su cikin coci a kalli wasa a gida?

"In sun shigo don ƙwallo, wata rana za su shigo don addu'a," in ji shi.

Fasto Bawa ya saurare shi har ya gama. Ya ce, "Nufinka mai kyau ne, ɗana, ni ma abin yaran nan shina damuna. Amma ɗakin nan mun keɓe shi. Mutum na iya buƙatarsa kowane lokaci, ba ran Lahadi kaɗai ba. Ka yi haƙuri mu kafa rumfa gindin mangwaro, ku yi kallonku can."

Baba Gambo, wanda tari ya riga ya fara cin ƙarfinsa, ya gyaɗa kai. Cindo ya ce to, amma a zuciyarsa ya ce tsofaffi ne, ba su san zamani ba.

Kafin a sare ko itace ɗaya na rumfar, ciwon Baba Gambo ya tsananta. Aka shirya kai shi asibiti a Yelwa cikin jirgin Malam Ladan, mahaifin Hafizu. Fasto Bawa ya shiga jirgin, haka ma matar tsohon, Inna Balaraba. A bakin ruwa Baba Gambo ya kira Cindo, ya ciro mabuɗi daga aljihu ya danƙa masa.

"Ka riƙe mini har in komo," ya ce. "Kada ka bar awaki su shiga."

Mutane suka yi dariya, Cindo ma ya yi, ya ce, "Ba komai, Baba. Allah shi ba da lafiya."

Ranar babban wasan ta zo su Fasto ba su dawo ba. Tun da rana hadari ya fara haɗuwa ta gabas, iska tana kaɗawa. Hafizu ya ce shi kam ba zai kafa talabijin ɗinsa a fili ba, ruwa na iya sauka. Matasa suka kewaye Cindo, wannan ya ce ai kai ne shugaba, wancan ya ce ai mabuɗi na hannunka. Cindo ya ji kansa ya yi girma.

Hafizu ya ja shi gefe ya ce, "Wurin ibadarku ne fa. Fasto ya yarda?"

"Ya yarda," in ji Cindo. "Kafin ya tafi munka yi magana."

Aka ɗaura eriya a kan doguwar gora. Aka rasa inda za a ɗora talabijin kowa ya gani, sai Cindo ya jawo teburin da ake ajiye Littafi Mai Tsarki, ya naɗe farin ƙyallen da ke kansa ya cusa a taga. Ya yi niyyar buɗe taron da addu'a, amma kafin ya ce a rufe ido an busa usur, ba wanda ya ji shi.

Labari ya bazu har tungayen da ke kusa. Mutanen da Cindo bai taɓa gani ba suka yi ta ɗurowa. Mai gyaɗa ta shigo da farantinta, wani ya kunna taba, wasu biyu suka fara musu da zagi a kan wanda zai ci. Yara suka hau tagogi. Cindo ya ga ɗakin da ran Lahadi ba ya kai rabi yau ya cika har ƙofa, sai ya manta da tabar da zagin. A ransa yana cewa da ma Fasto na nan ya gani da idonsa.

A daidai wannan lokaci jirgin Malam Ladan ya tsaya a bakin ruwa. Baba Gambo ya cika tun da safe a asibiti, kuma abin da ya roƙa na ƙarshe shi ne a kwantar da shi a cocin da ya gina, a yi masa addu'a kafin a kai shi makwancinsa. Ba kowa a bakin ruwan, duk ana wurin kallo. Fasto Bawa da Malam Ladan da yaran jirgi suka ɗauki gawar cikin tabarma suka hau tudu, Inna Balaraba na biye da su, yayyafi ya fara sauka.

Suna isa ƙofar coci Najeriya ta jefa ƙwallo a raga. Ɗakin ya kaure da ihu, kwano ya amsa. Benci ɗaya ya karye. Cindo ya ɗauko gangar da mata ke bugawa wajen waƙoƙin sujada, ya haye benci yana dukanta yana rawa. Masu ɗauke da gawa suka tsaya a ƙofa, babu hanyar shiga, babu wanda ya waiwayo. Fasto ya yi magana, muryarsa ta ɓace cikin hayaniya. Da hannuwansu suka gaji, sai suka koma gindin mangwaro suka sauke Baba Gambo a ƙasa. Inna Balaraba ta kwance mayafinta ta rufa masa don kada ruwa ya jiƙa shi.

Malam Ladan ya zagaya bayan ɗakin ya kashe janareta. Aka fara gunaguni cikin duhu-duhun hadari. Sai ga shi a ƙofa, ya tuɓe takalmansa ya ajiye, sannan ya shigo yana taka ɓawon gyaɗa da ƙafa. Waɗanda suka gan shi suka yi shiru, shirun ya bi ɗakin har gaba.

"Gambo ya rasu," ya ce. "Shina waje, cikin ruwa. Ku ba shi wuri."

Ya juya wajen ɗansa. "Hafizu, in wani ya kai wannan akwati masallacinmu, mi za ka ce mai?"

Hafizu ya ce, "Baba, sai da na tambaya. Cindo ya ce Fasto ya yarda."

Idanu suka koma kan Cindo. Yana nan tsaye a kan benci, ganga a rataye a wuyansa. Fasto Bawa ya shigo, ya dubi teburin, ya dubi farin ƙyallen da ke cushe a taga, sannan ya dubi Cindo. Bai ƙaryata shi da baki ba. Cindo ya sauko daga kan bencin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige.

Mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wuce ta gaban tabarmar kansa a sunkuye. Mata suka kawo tsintsiya. Sai da aka share, aka kwashe guntayen taba, aka buɗe tagogi warin ya fita, sannan aka shigo da Baba Gambo, tabarmarsa tana ɗigar ruwa. Cindo ya miƙa hannu zai kama, wani dattijo ya ce masa a hankali, "Bari, mun isa."

Bayan jana'iza Cindo ya daina fita sai in zai je kamun kifi. Hafizu ya daina gaishe shi. Matasan da suka zuga shi suka ce su ai ba su san ƙarya ya yi ba. Ya kai wa Fasto mabuɗi ya ce ya sauka daga shugabanci, Fasto ya karɓa ya ce, "Ni na yafe. Amma ba ni ka fi ɓata wa ba."

Ya daɗe yana kewaye gidan Inna Balaraba kafin ya iya shiga. Ya same ta tana gyaran busasshen kifi, ya durƙusa nesa da ita.

"Inna, na zo neman gafara. Wallahi ban san za ku komo ranar ba."

Ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Na sani, Cindo. Mu ma ba mu san ranar ba. Wa ka sanin ranar da zai buƙaci ɗakin nan? Shi ya sa anka bar shi a shirye." Ta ci gaba da aikinta. "Da munka taho bisa tudu na ji ihu, sai na zaci labari ya riga mu, kuka kuke yi mai. Har na ce a raina, ashe Gambo na da mutane haka. Sai da na matso na ji ganga."

Cindo ya kifa goshinsa a ƙasa, hawaye suka zubo masa.

"Tashi," ta ce. "Na yafe maka. Shi ma da shina nan da ya yafe, don yana sonka. Abin da ban iya yi maka shi ne in ce ban ji ba."

Cindo ya rayu a tungar har ya yi furfura, ya zama mutum mai jin shawara. Amma duk ran Lahadi a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, kuma bai sake taɓa ganga ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wasa ba laifi ba ne, son jawo matasa kusa ma abin yabo ne, amma wurin da jama'a suka keɓe don ibada amana ce ta kowa, har da mai baƙin cikin da bai iso ba tukuna. Kyakkyawan nufi ba ya halatta ƙarya, kuma cikar ɗaki ba ita ce alamar an yi daidai ba. Idan manya suka ce a dakata, mu tambayi dalili mu yi haƙuri, domin wani kuskuren ko an yafe shi, kunyarsa tana bin mutum har tsufansa.