Tsinken Tsintsiya da Katin Kwamfuta

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna da taron ikilisiya. In ya ɗauko, sai ya zauna gaban kwamfutarsa ya yanke nan, ya haɗa can, ya sa waƙa, har abin ya fito tsaf. Mutum ne mai fara'a da cika alkawari, amma yana da ciwo guda: idonsa ba ya iya wuce abu mai walƙiya.

Wata Asabar ya ɗauki bikin wata yarinya mai suna Keziya. Kakanta Baba Irimiya, wanda ya rene ta tun tana ƙarama, bai je ba, gama ƙafafunsa sun daɗe da daina ɗaukarsa. Sai mutumin nan ya je ya durƙusa a bakin gadonsa ya ce, “Baba, kafin amarya ta bi mijinta garinsu ran Lahadi mai zuwa, zan kawo maka bikin nan har ɗaki, ku kalla tare da ita.” Tsoho ya yi murna ƙwarai, ya sa masa albarka.

To, a cikin kwamfuta akwai wani abu da ake kira katin hoto. Shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a allo, shi ne kuma ke ɗaukar nauyin aikin bidiyo. Ran Alhamis, aiki bai ko kai rabi ba, katin mutumin nan ya mutu murus. Ba a sayar da irinsa a garin, sai a birni, tafiya kuwa ta wuni guda ce zuwa da dawowa. Ke nan zuwa ɗaya gare shi. In ya sayo abin da bai dace ba, alkawari ya tashi.

Da safe yana shiri, matarsa Damaris ta zare tsinke daga tsintsiyarta, ta sa shi cikin akwatin kwamfutar da ke buɗe, ta auna gurbin katin, ta karya shi daidai, ta miƙa masa.

Ya kwashe da dariya. “Haba Damaris, kwamfuta ce fa, ba ƙafar yaro ba.”

Ta ce, “Maigida, da tsinke nake auna ƙafar yaranmu in zan sayo musu takalmin Kirsimeti. Ka taɓa ganin na mayar da takalmi kasuwa?”

Don kada ta ji haushi ya jefa shi a aljihu, ya manta da shi tun kafin ya kai tasha.

A birni mai shago ya jera masa kati uku. Na fari na hannu ne, araha kamar kyauta. Da aka gwada shi sai ya yi ta ƙugi, layuka suna ratsa hoton, gama ya sha wuya a hannun wani. Na biyu matsakaici ne, fanka biyu, ba ado, kuɗinsa daidai ƙarfin aljihu. Mutumin nan bai ko dube shi da kyau ba, domin idonsa ya riga ya faɗa kan na uku: ƙato, fanka uku, ga fitilu suna sauya launi, ja ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore. Nan take ya hango kansa a gida, abokan sana'a sun kewaye shi baki buɗe.

Ya taya, mai shago ya ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Sai da ya haɗa har da kuɗin motarsa, sannan aka sallama masa. Ya zura hannu aljihu da sauri, sai wani abu ya soke shi a yatsa. Ya zaro, ashe tsinken Damaris ne.

Cikin wasa ya ɗora shi a kan ƙaton katin. Kati ya fi tsinke da yatsa uku.

Mai shago ya ce, “Wannan ba matsala ba ce, Yallaɓai. Sai ka sayi sabon akwati.”

“To, wuta fa?”

“Gaskiya yana shan wuta. Sai ka canja abin da ke raba wuta a ciki. In kuma janaretanka ƙarami ne, shi ma sai ka nemi babba.”

Sai dariya ta kufce wa mutumin nan har da riƙe ciki. Ya ce, “Ɗan'uwana, kati na zo saye, kai kuma kana so in gina sabon gida! Miƙo mini wancan marar adon.”

Ya ɗora tsinke a kan na biyu, ya zauna daram har da ɗan saura. Ya ba da guntun bidiyon bikin da ya zo da shi aka gwada, hoto ya tafi sumul, ba tsayawa ba ƙugi. Ya biya yana murmushi. Da abin da ya rage ya sayo wa Damaris atamfa, ya haɗa mata da sabuwar tsintsiya, tun da dominsa ta rage wa tsohuwar tsinke.

Ran Lahadi bayan sujada aka cika ɗakin Baba Irimiya, Keziya na zaune a gefen gadonsa. Tsoho yana kallo yana kiran sunan kowa, yana rawa da kafaɗa. Can sai ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya, ɗana! Mayar da baya.” Aka mayar. Ga amarya a allo, fuskarta tangaram, a wuyanta kuma sarƙar marigayiya kakarta. Tsoho ya kama hannun Keziya, yana hawaye yana dariya, ya ce, “Ashe ta je bikin ita ma.” Sau uku aka maimaita masa wurin, kuma ba wanda ya tambayi fanka nawa ke cikin kwamfutar.

Ma'anar wannan misali ita ce, mutumin nan mu ne, ni da ku. Alkawarin da ya yi wa tsoho shi ne aikin da Ubangiji ya danƙa wa kowannenmu, akwai kuma wani da ke jiransa a hannunmu. Katin araha shi ne son banza, mu ba aikin Allah abin da ya riga ya lalace don kada aljihu ya ji zafi. Ƙaton katin kuwa shi ne sha'awar ido. Ba mugun abu ba ne, wani yana da aikin da ya kai shi, amma in ba naka ba ne, sai ya jawo maka sabon akwati, ya jawo janareta, ya cinye maka kwanciyar rai, aikin kuma bai yiwu ba.

Tsinken nan shi ne sanin gwargwadon abin da aka ba ka da abin da aka aike ka yi. Allah yakan miƙo mana shi ta hannun na kusa da mu, mata ko miji ko iyaye, mu kuma mu yi dariya mu jefa a aljihu. Ƴan'uwa, darajar abu ba a tsadarsa take ba, ba kuma a araharsa ba, tana wurin aikin da zai yi wa wanda ke jira. Saboda haka in kun shiga kasuwa, ko ta waya ce, ko ta sutura, ko ta gida, kafin ku zaro kuɗi ku fara laluben tsinkenku. In ya soke ku a yatsa, ku gode wa Allah.