Alƙali Hamidu da Huhun Goron Barmo

An yi wani sarki, sunansa da na garinsa sun kuɓuce mini, tsufa ya cinye su, amma na riƙe cewa mutum ne mai son adalci, mai gaggawa a cikinsa.

Ran nan wani attajiri, Barmo, ya faɗi gabansa, aka kwance huhun goro, duk sankara, tsutsar goro, ta cinye. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Jatau falke ya rantse mini goron nan lafiyayye ne. Ga shi!"

Fada ta kaure, aka kirawo Jatau. Sarki ya ce wa Alƙali Hamidu, "Malam, ido ya gani. Yanke hukunci yanzu, a rushe rumfar Jatau, a fitar da shi daga gari."

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, ruɓa ta tabbatar da hasara, ba ta tabbatar da yaudara ba. Sai an nuna Jatau ya faɗa, ya san ƙarya ce, kuma a kan maganarsa aka saya. Jatau, ka faɗa?"

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban faɗa ba."

"To, inda aka yi musu babu hukuncin nan take, sai an zauna an ji shaidu." Alƙali ya juya ga Barmo cikin tausasawa. "Ashe kai baƙo ne a sana'ar, ka saya ba ka buɗe ba?"

Tirƙashi! 'Yan goro kuwa sun cika zauren, kuma a wurinsu babu abin kunya kamar sayen huhu a ɗaure. Barmo ya zabura: "Ni? A cikin goro aka haife ni! Da hannuna na kwance, na zube ganyen, na tsince ɗaya-ɗaya. Yaushe zan saurari bakin Jatau?"

Alƙali ya ce, "Jatau, haka aka yi?"

"Haka aka yi."

"Alhamdu lillahi, musu ya ƙare. Barmo, ko da Jatau ya faɗa, idonka ka bi, ba harshensa ba. Yanzu hukunci ya halatta: Jatau, koma rumfarka."

Sarki ya miƙe don murna, ya yafa wa alƙali alkyabbarsa, ya ce, "Mai mulki ya yi sauri inda aka yarda, ya yi jinkiri inda aka musa."

Daga baya na tambayi wani tsohon ɗan goro, ya tabbatar mini sankara takan ɓuya a cikin goro, bayansa jawur, mai shi ma bai sani ba.