Gangar Tungar Balbela da Tsohuwar Hanyar Ko-ta-kwana

Kai mai karatu, me kake yi da tsani bayan an gina maka matakala? Jingine shi kake yi a bango don gudun wata rana, ko kuwa kawar da shi kake yi? Kada ka yi saurin amsawa. Saurari yadda ta kaya tsakanin Bara'atu da Injiniya Nafi'u.

A wani ɗan ofis a Samarun Zariya, wasu matasa sun ƙirƙiri manhajar waya mai gaya wa manoma lokacin shuka da lokacin dakatawa. Injiniya Nafi'u, Bakano, shi ne shugaban aikin. Rubutun umarnin da ke tafiyar da manhajar, wanda suke kira kod, ba a ƙara masa ko layi ɗaya, ba a kuma ragewa, sai da yardarsa. Shi ya sa suke ce masa Sarkin Kod. Bara'atu kuwa Bazazzagiya ce, mataimakiyarsa, tare suka fara aikin tun ba su da ko fanka.

Lokacin da suka fara, wayoyin manoma tsofaffi ne, ba su iya karɓar saƙon manhaja nan take. Sai Nafi'u ya rubuta hanyar ko-ta-kwana. Manhaja takan tambayi waya ko ta iya karɓar saƙo kai tsaye. In ba ta ji amsar da ta saba ji ba, sai ta ɗauka tsohuwar waya ce, ta koma tana leƙawa da kanta jefi-jefi ko an aiko da wani abu. Dabarar ta yi rana a zamaninta. Amma yanzu sababbin wayoyi suna amsawa da sabon salo, manhaja ba ta ganewa, sai ta tura su tsohuwar hanya. Su kuma, don tattalin batir, sai su hana ta leƙen. Saƙo ya kwana, ya wuni, ya sake kwana bai isa ba.

Ga shi masana yanayi sun ce ruwan farko na bana na yaudara ne, fari zai biyo bayansa. In gargaɗin bai riga ruwan isa ba, manoma za su zuba irinsu a ƙasa ya ƙone. Bara'atu ta dubi gabas ta taga, ta ga sama ta fara haɗa rai. Ta ƙudurta a ranta cewa yau ba za ta bar ofishin nan ba sai an cire tsohuwar hanya.

Ta ja kujera ta zauna gaban teburin Nafi'u. Ta ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Kod, na zo neman izinin rushe ginin gado."

Ya ce, "Bazazzagiya ke nan, ku dai ba ku iya gini ba sai rusau. A gyara tambayar da manhaja ke yi wa waya, a bar mini hanyata. Wa ya san ranar da za a neme ta?"

"Bara ma faci muka yi mata, bara waccan ma haka. Duk sabuwar wayar da ta fito sai ta yage facin. Kuma tsohuwar wayar da muke gwada hanyar da ita ta mutu, babu mai iya rantsewa tana aiki. Kitso muke yi da kwarkwata, Oga."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Wane babba? Tare muka ci kwakwar makaranta. Ni dai tsorona kada ka yi irin ta dagacin Tungar Balbela da gangarsa."

Nafi'u ya ture kwamfutarsa gefe, ya ce, "Yaya aka yi da dagacin Tungar Balbela?"

Bara'atu ta gyara zama ta ce:

An ce akwai wani gari, Tungar Balbela, da kogi ya raba shi da kasuwa. Gadarsu ta itace ce, gajera, in ruwa ya cika sai ya shafe ta. Dagacin garin, Mamuda, mutum ne mai tausayin jama'a. Ya sa aka yi tsaga a jikin wani marke na bakin kogi, ya kafa doka: duk ranar da ruwa ya taɓa tsagar nan, makaɗi ya buga ganga, samari su tare bakin gada da ƙaya, kowa ya gangara mashigin kwalekwale. Dokar nan ta ceci rayuka, har garuruwan maƙwabta suna yaba shi.

Ana nan, sai aka gina musu gadar siminti, doguwa, wadda ko ruwa ya yi hauka ba ya kai ƙugunta. Kowa ya koma binta. Mai fito ya tsufa, 'ya'yansa suka koma acaɓa, kwalekwale ya zauna a laka yana ruɓewa. Amma tsaga tana nan, ganga tana nan, doka tana nan. Da ruwa ya taɓa tsaga sai ka ji ganga, samari su tare gadar siminti da ƙaya, jama'a su yi layi a bakin ruɓaɓɓen kwalekwale, gada kuwa tana tsaye a bushe bisa kansu.

Wata ranar kasuwa kwalekwalen ya ɓule da fatake a ciki. Allah ya taƙaita, kusa da gaɓa ne, ba a rasa rai ba. Amma buhunan gishirinsu suka narke tas, aka fito da buhu zalla. Dagaci ya tara fada, ya ce a toshe ɓular da tsumma da kwalta, a kuma ɗaga tsagar sama kaɗan.

Yayarsa, Magajiya Hansatu, tana zaune a gefe. Ita kaɗai ke kiran sunansa a garin. Ta ce, "Mamuda, in ka yi haka ka zama Barau mai tokarar rumbu."

Dagaci ya ce, "Yaya, wane ne kuma Barau?"

Magajiya ta ce:

Barau manomi ne da ya sa aka gina masa sabon rumbu. Magini ya ɗora shi bisa duwatsu, ya zagaye gindin da toka don kada gara ta sami hanya. Da yake laka ba ta bushe ba, rumbun ya ɗan karkata, sai magini ya tokare shi da itace, ya ce, "In ya bushe ka cire."

Rumbu ya bushe ƙayau, ya tsaya da gindinsa. Barau ya loda dammunan gero ya rufe. Matarsa Lantana ta ce, "Maigida, ba ka cire tokarar nan ba."

Ya ce, "Abin da ya riƙe mini rumbu ranar rauninsa, shi zan wulaƙanta? Ai ba a yin haka. Bar ta, ba ta ci mana tuwo."

Bayan kwanaki Lantana ta ga jar ƙasa ta bi jikin itacen tun daga ƙasa har sama. Ta nuna masa. Ya ɗauko fartanya ya kankare, ya ce, "Kin gani? An gyara." Ta sake fitowa, ya sake kankarewa. Kullum yana kankarar baya, gara kuwa ta cikin itacen take bi.

Da damina ta yi tsakiya, abinci ya ƙare a ɗaki, Barau ya hau ya buɗe rumbu. Ya zura hannu, sai ƙasa da ƙaiƙayi. Ya sauko ya zauna dirshan. Lantana ta ce, "Ka ce ba ta ci mana tuwo, Maigida. To ga shi ta haɗa da na baɗi."

Magajiya ta dubi ƙaninta ta ce, "Duwatsu da toka sun yi aikinsu, Mamuda. Abin da aka kafa don taimako shi ya zama hanyar ɓarna, domin an bar shi bayan ranarsa ta wuce. Kai ma kankara kake shirin yi."

Dagaci ya ce, "Yaya, na ji. Amma in akwai wani bawan Allah da har yanzu kwalekwalen nan ne hanyarsa fa? In na hana, na zalunce shi."

Ta ce, "Wannan tambaya ce ta shugaba. Sai dai tambaya ba a ajiye ta a ciki, fita ake yi da ita. Aika a tambayo."

Aka sa sanƙira ya zaga unguwa-unguwa da rugagen da ke kewaye, yana cewa duk mai bin kwalekwale don ransa ya fito. Babu wanda ya fito. Kowa cewa yake, "Mu ganga ce ke kora mu." Sai dagaci ya tafi bakin kogi da kansa, ya sa aka shafe tsagar, aka kwashe ƙaya, aka jawo kwalekwale aka kife shi a inuwar fada don jikoki su ga abin da ya taɓa ɗaukar kakanninsu. Makaɗi kuwa ya ci gaba da kiɗansa a wajen biki da gayya.

Bara'atu ta ce, "To ka ji, ranka ya daɗe. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manhajarmu tana tare wa manoma gadar siminti, tana kora su cikin ruɓaɓɓen kwalekwale."

Nafi'u ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Wato kin mai da ni dagaci, kin mai da ni Barau, kod ɗina kuma abincin gara. Sannu, Bazazzagiya." Sannan ya sassauta murya. "Ba son kaina ba ne, Bara'atu. Don irin su Kawu Tasi'u na rubuta hanyar nan. Ina gani da idona yana ɗaga tsohuwar wayarsa sama a gona yana neman sabis. In muka cire, mun ce wa talaka ya sayi sabuwa ko ya mutu."

Bara'atu ta san nan ne gizo ke saƙar. Ta ce, "Na riga na aika sanƙira. Manhaja tana gaya mana irin wayoyin da ke shigowa, kuma an daɗe rabon da irin waccan ta leƙo. Masu ƙananan wayoyi na tocila gajeren saƙo suke samu, ta wata hanya dabam da ba ta taɓa wannan. Amma gani ya kori ji. Kira Kawu."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar yadda Bara'atu za ta ji. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da zafi, ya ce, "Kawu, tsohuwar wayar nan taka tana nan kuwa?"

"Wacce? Mai tsagaggen gilashi? Ai jikoki sun mai da ita mota, da zare suke ja. Sabuwa gare ni, ɗana Sagiru ya aiko mini daga Legas. Kai Nafi'u, dama ina nemanka. Abin nan naku lafiya yake kuwa? Bara sai da na gama shuka masara tas, har ta fara tsiro, sannan ya yi ƙara wai kada in yi shuka. Na ce to, sannu da zuwa."

Nafi'u ya juya ya dubi Bara'atu.

"Kana ji na? Ga hadari nan yana haɗuwa, irina yana buhu. In zuba ko in jira?"

"Ka jira, Kawu. Don Allah ka jira. Ka gaya wa maƙwabta ma. Saƙo na nan zuwa yau."

"Yau ɗinku ko yau ta Allah?"

"Yau ta Allah, Kawu."

Ya ajiye waya. Ya jawo kwamfuta ya ce, "In wani abu ya karye fa?"

"Za mu gwada a kan kowace waya da ke ofishin nan kafin mu sake shi. Tsohon kod kuma yana nan a ma'ajiyar tarihin aikin, in an neme shi za a gani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Ta miƙa hannu za ta karɓi kwamfutar, ya ce, "A'a. Ni na rubuta, ni zan goge."

Ya yi bisimilla ya fara. Ya cire tambayar da ake yi wa waya, ya cire hanyar leƙe, ya bi faci-facin da suka yi ta liƙawa shekara da shekaru yana ɓamɓarewa, Bara'atu tana gefe tana nuna masa inda jijiyoyin suka ɓuya. Wani wurin sai ya tsaya ya ce, "Kai, nan na sha wuya," sannan ya goge. Da suka gama, suka tattaro wayoyin ma'aikata, manya da ƙanana, suka jera a tebur, suka sa musu sabuwar manhajar. Nafi'u ya tura saƙon gwaji.

Kafin ya ɗauke yatsa, teburin ya ɗauki ƙara gaba ɗaya.

Ofis ya kaure da sowa. Kafin la'asar suka saki gyaran, suka bi shi da gargaɗin shuka. Iska ta fara kaɗa labule sa'ad da wayar Nafi'u ta yi ƙara. Kawu ne, ya ce, "Ya iso. Na ɗaure bakin buhu."

Nafi'u ya juyo ya ce, "Bara'atu, na karɓi maganarki. Ina tsammanin amana nake riƙewa, ashe tsoro nake kiwo. Daga yau duk hanyar ko-ta-kwana da za mu rubuta, a rubuta a kanta don wa aka yi ta, da abin da in ya faru za a cire ta." Ya ɗan murmusa. "Amma kada ki gaya wa kowa Bazazzagiya ta kayar da Bakano."

Ta ce, "Ai har Kano za a ji, ranka ya daɗe."

Kai kuma mai karatu, in kana da aikin da kake kula da shi, kada ka jira ranar da wani zai kira ka da irin maganar Kawu. Buɗe shi yau. Nemo wurin da aka rubuta "ko da wata rana", ka fita ka tambayo ko akwai mai bi ta nan har yanzu. In akwai, ka gyara masa hanyar ka gwada ta sosai. In babu, ka yi bisimilla ka goge da hannunka.