Ƙwaryar Farko Ta Mai Gona

Akwai wani manomi a wani ƙauye a gindin dutse, wanda burukutu ta riƙe shi shekara goma sha biyu. Da cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, ma'aikacin asibiti ya ce masa, "Baba, hantarka ta gaji. In ka koma wa giya, ba za ka ci sabuwar dawa ba."

Mutumin ya ji tsoro ƙwarai. Ya durƙusa a gaban matarsa ya yi alkawari, ya kuwa cika. Wata biyar bai bi ta ƙofar gidan giya ba.

To, a ƙauyen da ke ƙetaren rafi akwai waɗansu mutane bakwai da suka bar sha. Kowace Laraba da yamma sukan taru a gindin ɗorawa bayan majami'a, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, wanda ya yi tuntuɓe ya faɗa ba ɓoyewa, su yi addu'a su watse. Wani tsohon maƙeri daga cikinsu ya tako har gidan manomin, ya ce, "Ɗan'uwa, na ji labarinka. Ka zo ka zauna da mu."

Manomin ya ɗaure fuska ya ce, "Haba, Baba! Na tsere wa mashaya, in kuma je in zauna cikin mashaya, duk mai wucewa ya nuna ni da baki? Ni na bari. Tsakanina da Allahna ne."

Tsohon ya ɗauki sandarsa ya koma.

Damina ta kankama, ciyawa ta tashi, gona kuwa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, balle marar lafiya. Sai ya kira gayya. Kun dai san al'adarmu: ba a kiran gayya da tulu babu komai, sai an cika shi da burukutu. Matarsa ta ce, "Maigida, anya kuwa?" Ya ce, "Su za su sha. Ni raba musu kawai zan yi." Kun ji mutum! Ya ɗauka shi kaɗai ya fi Shaiɗan wayo.

Majiya ƙarfi suka yi noma har rana ta take. Aka sauke tuluna a inuwa. A ƙasar nan kuwa ba mai kai baki sai mai gona ya sha ƙwaryar farko a gaban kowa, don a tabbata bai zuba wa mutane wani abu ba. Wannan ne bai tuna ba. Shugaban gayya ya cika ƙwarya ya miƙa masa, ya ce, "Mai gona, buɗe mana hanya."

Mutum ashirin suka zuba masa ido. Ya duba dama, ya duba hagu, ba ko ɗaya da ya san abin da ke cikin ransa. Ya ce a zuciyarsa, kurɓi ɗaya ne. Ya kurɓa.

Kwana huɗu bai kwana a gida ba.

A rana ta biyar tsohon maƙerin ya same shi kwance a bakin rafi, rigarsa duk laka. Ya zauna kusa da shi ya ce, "Wannan ƙwaryar ta kayar da uku daga cikinmu, har da ni. Shi ya sa muke yi wa junanmu gayya, da kunun zaƙi da ɗan wake. Da ka zo, da mun nome maka gonar nan. Har yanzu ba a makara ba, jibi Laraba."

Manomin ya rufe fuskarsa da hannu ya yi kuka. Ya ce, "Da wane ido zan dube ku? Bari in gyara kaina tukuna. In na yi wata guda ban sha ba, zan zo."

Bai taɓa cika watan ba. Yakan yi kwana shida ya faɗi, ya yi kwana tara ya faɗi, kunyar kuma kullum ƙaruwa take yi. Dawa tana fid da kai ciwon ya kwantar da shi, bai tashi ba. Mutanen nan bakwai ne suka haƙa kabarinsa, su ne suka ɗauki akwatin gawarsa, daga baya suka girbe wa matarsa gonar. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, 'yan'uwa: ranar da ya yarda ya shiga tsakiyarsu, a kafaɗunsu ya shiga.

Ma'anar wannan misali ita ce: manomin shi ne duk wanda ya tuba da gaske amma ya ce shi kaɗai zai yi yaƙinsa. Ƙwaryar farko ita ce jarabar da ba ta zuwa da mummunar fuska. Takan zo a wurin biki, a gidan makoki, a hannun wanda kake jin nauyinsa. Mutanen gindin ɗorawa kuwa su ne waɗanda suka faɗa ramin kafin kai, suka san inda bakinsa yake. Ubangiji yakan aiko da taimakonsa ta hannun irinsu, ko da ba su ne ka so ba.

Kada ka ce sai ka warke za ka je wurin magani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tambayi fastonka, ko mai bishara, ko ma'aikacin asibiti, inda waɗanda suka bar sha suke taruwa kusa da kai. In babu, ku biyu ma kun isa ku fara. Ku kuma masu leƙen wanda ya je can don ku sami na faɗa a kasuwa, ku ji tsoron Allah, gama bakinku yana cikin abin da ya hana mutumin nan ƙetare rafi.

Ka tafi ko da warin giyar jiya yana bakinka. Gara ka je musu da ƙafarka, kana jin kunya, da su zo su ɗauke ka.