Gayyar da Mai Gona Bai Kira Ba

Akwai wani mutum, manomi, wanda ba a taɓa rigansa kai ƙarshen kunya ba. Wata rana yana huɗa, shanunsa suka firgita, suka ja shi da garma har cikin kwazazzabo. Ƙugunsa ya karye. Aka yi ɗori bai kama daidai ba, ƙafar ta shanye, ga gyambo a ƙwauri ya ƙi warkewa. Yana kwance a ɗaki har wata daminar ta zagayo.

A garin nan kuwa, mai gona shi ke kiran gayya da bakinsa. Ya bi gida gida ya faɗi rana, ranar kuma ya tsaya bakin gona ya nuna inda za a fara. Gonar mamaci kaɗai ake shiga ba kira, don a taimaki matarsa da marayu.

Da ruwa ya sauka, tausayi ya kama mutanen ikilisiya. Suka ce kada a dame shi, a je kawai a yi masa. Yana kan tabarma ya ji gangar noma ta wuce ta bayan danga.

Ya ce wa matarsa, "Gayyar wa ake yi?"

Ta ce, "Taka ce, maigida. Allah ya saka musu."

"Wa ya kira su?"



Ya ce, "To, sun yi mini jana'iza ke nan. Saura rami."

Ya juya fuskarsa bango. Tuwo ya zo ya koma yadda yake. Ya daina aski, ya daina addu'a. In masu gaisuwa sun shigo da sannu sannunsu, sai ya rufe ido kamar mai barci. A ransa yana cewa da Ubangiji zai ɗauke shi, da gidan ya huta.

Yana da wani taubashi, ɗan gwaggonsa, ana ce da shi Tanimu. Da lokacin maimai ya yi, Tanimu ya faɗo ɗakin, ko sannu babu.

"Kai, bawana, ashe kana nan? Na zo ne in ga ko an raba gado, in kora shanun."

"Kora. Su suka kashe ni."

"Ji mamaci da baki! Saurara. Ciyawa ta kai wa dawarka wuya, ni kuma na hana kowa shiga. In ba ka kira ba, ba fartanyar da za ta taɓa ta."

Matar ta ce, "Haba Tanimu, ka ji tsoron Allah! Da wace ƙafar zai bi gidaje?"

"Ƙafa ce ta shanye, ba harshe ba. Ga jakina nan."

"To, ka kira a madadinsa."

"A'a."

"Ku yi mana ko rabi."

"Ko kunya ɗaya."

Mutumin ya ƙi. Kwanaki suka wuce, matar tana fita ita kaɗai da fartanya. Wata rana ta miƙo masa ruwa, ya ga tafin hannunta ya tsage yana jini. Ya daɗe yana kallo, kafin ya ce, "A kawo jakin."

Aka ɗora shi, ƙafar tana reto, kunya kamar ta kashe shi. Suka isa ƙofar farko. Da ƙyar ya ce, "Ina gayya ran Laraba." Maigidan ya ce, "Mun ji, mai gona." Ran Laraba aka zaunar da shi gindin ɗorawa, ya ɗaga sanda ya nuna inda za a fara.

Amma ciyawa ta riga ta shaƙe gefen gangare. Rumbu bai cika ba a shekarar, ƙafar ma ba ta dawo ba. Har yanzu akwai ranakun da yakan juya bango. Sai dai yana cin tuwonsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan shi ne kowane namiji da ciwo ya kayar, ya karye a jiki, ya sake karyewa a zuci. Karayar zuci ciwo ce, ba lalaci ba ce, ba kuwa rashin bangaskiya ba. Masu gangar nan mu ne. Mun iya yi wa mutum alheri har mu binne shi da ransa. Mukan kai masa abinci, ba mu neman shawararsa. Mukan yi addu'a a kansa, ba mu cewa shi ma ya yi mana. Yesu kuwa in ya zo wurin marar lafiya, tambayarsa yake yi, ya jira ya ji amsa daga bakinsa.

Ku maza da ke kwance, jinkiri yana cin gona. Ku buɗe baki ku faɗi abin da ke ranku, ga fasto, ga likita, ga ɗan'uwa. Ku kuma masu lafiya, kowa ya san kujerar da ta daɗe ba kowa a majami'ar nan. Ku je gidan mai kujerar yau, ku tambaye shi abin da ya sani ku ba ku sani ba. Kada ku jira sai ranar da za a shiga gonarsa ba mai hanawa.