Muciya a Ƙafar Kyamara

"Malam, yaya a ƙaramin hoton Inna ta fito sarai, amma a babban sai ka ce ta cikin ruwa ake kallonta?"

Wani dattijon ikkilisiya ne ya yi wa wani mai ɗaukar hoto wannan tambaya, matar mai hoton kuwa tana bayan labule tana tsince shinkafa, ta ji. Innar dattijon ta tsufa ƙwarai, ciwo kuma ya kwantar da ita. 'Ya'yanta suna son babban hotonta na bango tun tana da rai.

Mai hoton ya ce, "Baba, fim ne. Mai saurin kama haske, in an faɗaɗa shi, sai fuska ta yi kamar an watsa mata yashi. Shi ya sa na sa mai jinkiri. Ko kuwa gilashin kyamarar ne ya tsufa."

Dattijon ya ce, "Ni dai ban san fim ba, uwata na sani. Gobe za mu sake zaunar da ita a ƙofar ɗaki. Ban ce za ta iya zama na uku ba."

Matar ba ta yi makaranta mai nisa ba, ga kunya, amma tana da ido. Ta taɓa jin mijin yana cewa fim mai jinkiri ba ya son motsi ko kaɗan. Ta kuma lura, tun zazzaɓin da ya yi da damina, in ya ɗaga kofin koko sai kokon ya yi ta kaɗawa, shi kuwa ya yi maza ya tallafa da hagu. Mutumin da ake yabo a gari saboda hannunsa ba ya rawa!

Akwai abin ɗora kyamara mai ƙafa uku a ƙarƙashin gado, ƙafa ɗaya ta karye tuntuni. Ta jawo shi, ta goge, ta ɗaure muciyarta a jikin karyayyar ƙafar da robar taya, tam. Da safe ta jingina shi a kekensa, ta koma wanke-wanke.

Ya fito, ya tsaya ya daɗe yana kallon abin. Can ya ce, "Amarya, yau da me za ki tuƙa tuwo?"

Ba ta ɗago ba, ta ce, "Zan aro ta maƙwabta, Maigida."

Ya ɗaure shi a bayan keke ya tafi.

Hoton ya fito har ana ƙirga tsagen kumatun Inna. Ta gan shi da idonta, ta yi dariya, ta ce ashe ta tsufa haka. A taron zumuntar mata aka yi ta ce wa matar mai hoton, "Kai, hannun mijinki sai shi!" Matar ta sunkuyar da kai. A ranta ta ƙudurta ba wanda zai ji daga bakinta.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Ƙaramin hoto kwanakinmu ne na yau da kullum, inda raunin mutum yake ɓuya. Babban hoto ranar gwaji ce, ita ke tona shi. A ranar sai mu ɗora laifi a kan wannan da wancan, alhali hannunmu ne yake rawa, muna kuma jin kunyar jingina ga Ubangiji, wanda ba ya jijjiguwa. Ku jingina, ba abin kunya ba ne. In kuwa Allah ya nuna muku raunin ɗan'uwa, ba don ku kai kasuwa ya nuna muku ba. Ku tokare shi da abin da ke hannunku, ku yi shiru.