Almakashi, Kazar Gwaggo Tasalla

Ranar da muke ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Inna Yalwa, kakar maigidana, ta ga hira ta mutu, sai ta ce mu matso ta ba mu abin da za mu yi musu a kai har gyaɗar ta ƙare. Ga shi yadda ta faɗa mana.

A wani gari an yi wata tsohuwa, Gwaggo Tasalla, mai kaji wake-wake, baƙi da fari, manya masu faɗin ƙirji, irin da ba a samu a gidan kowa sai nata. Ba saye ta yi ba. Ranar da aka kai ta gidan miji uwarta ta damƙa mata uwar kajin a hannu, kamar yadda ita ma aka damƙa mata. Al'adar gidansu ke nan. 'Yan tsaki ana raba wa kowa, amma uwar kaji mutum ɗaya ake ba, a sa masa albarka, daga ranar kuma da sunansa ake kiran irin.

Wata shekara ciwon kaji ya shigo gari ya share akurkin Gwaggo kaf. Abin da ya rage mata 'yan ƙwayaye ne a cikin ƙwarya. Aka sa su a ƙarƙashin kazar maƙwabta da ta tsira, guda ɗaya ya ƙyanƙyashe, sauran suka yi bara-gurbi. 'Yar tsakuwar ta fito wake-wake sak. Amma da ta ɗan kwana biyu sai aka ga bakinta ba ya haɗuwa, na sama ya karkata dama, na ƙasa ya nufi hagu. Yaran unguwa suka raɗa mata suna Almakashi. Manya kuwa suka ce irin wannan ba ta rayuwa, a bar wa shaho kawai. Gwaggo kuwa tsufa ya kama ta, idonta ya yi rauni, ba abin da za ta iya yi wa halittar nan, sai dai aka lura tuwonta ya fara kwana a kwano.

Ta farko da ta tashi ita ce 'yarta Uwani, mai sayar da koko, wadda ke aure a bayan masallaci. Kowa na ganin 'yar tsakuwa tana tsattsaga tun safe har yamma, har ana cewa duk da bakin nata ta fi kowa ci. Uwani ce ta ɗauke ta ta taɓa ƙasan wuyanta, inda abinci ke taruwa, ta ji wayam. Ashe saran banza take yi, ƙwaya ɗaya ba ta shiga. Uwani ta ƙulle ta a gefen zane ta tafi da ita. Ta riƙa dama dusa da ƙullun koko, ta buɗe bakin da farce, ta ɗiga mata da tsinke, ta jira ta haɗiye, ta sake ɗigawa. Ko a wurin sayar da koko tana cinyarta. Wasu masu saye suka ce ba za su sha kokon da aka dama da hannun kaza ba, suka koma wurin wata. Uwani ta bar su suka tafi. Haka ta yi har Almakashi ta yi gashi, ta tsaya da ƙafafunta.

Sai 'yar Uwani ta haihu a wani ƙauye, dole Uwani ta tafi zaman jego. Aka mayar da kaza gidan Gwaggo, aka zuba mata jiƙaƙƙiyar dusa a faifai. Ta sara, ta sara, dusa na watsewa. Ga ta ta saba da hannun Uwani, duk wanda ya kama ta sai ta fizge. Kafin a ankara ƙashin ƙirjinta ya fito.

Nan ta biyu ta shigo, Ladidi, matar ƙaramin ɗan Gwaggo, wadda iyayenta maginan tukwane ne. Ba ta kama kazar ba. Zama ta yi a bakin murhu tana kallonta, har ta ga ta je gindin randa inda ruwa ya yi ɗan gurbi, ta tsoma bakin duka ta kamfato ta ɗaga kai. Ladidi ta gane kazar nan ba tsinta za ta yi ba, sai dai ta kamfata kamar ludayi. Ta je gidansu ta roƙi yumɓu, ta gina ɗan kasko mai zurfi. Na farko ya yi faɗi, dusa ta riƙa gudu gefe. Na biyu kazar ta taka shi ya kife. Na uku ta yi masa gindi mai nauyi da baki daidai kan kaza, ta gasa shi, ta cika shi da dusa mai ruwa-ruwa. Almakashi ta zura kai ta ci da kanta, ta ci har wuyanta ya yi tim. Da Ladidi ta ga kuma ba ta iya gyara gashinta da baki, ƙwari sun fara cin ta, sai ta riƙa yi mata wanka da toka mai sanyi.

Kaza ta yi ƙiba ta yi sheƙi. Amma bakin kaza a ƙasa yake gogewa, nata kuwa ba ya taɓa ƙasa, sai ya yi ta tsawo. Na sama ya lanƙwasa kamar lauje, na ƙasa ya zarce gefe, harshe ya fara bushewa, har kaskon Ladidi ya daina amfani. Wani ya ce a datse da wuƙa, wani ya ce a ƙona da ƙarfe.

Na uku shi ne Sallau, babban ɗan Gwaggo, wanzami. Ya ce kada wanda ya taɓa. Ya naɗe kazar a tsumma, ya fita da ita rana, ya ɗaga bakin yana dubawa har ya ga inda jini ya tsaya a ciki. Ya sa aska ya riƙa fere ƙarshen kaɗan-kaɗan, ya goge da dutsen wasa aska, ko ɗigon jini bai fita ba. Ya ce ba aikin rana ɗaya ba ne, muddin tana raye sai an riƙa yi. Labari ya kai rumfarsa. Wani abokin wasansa ya zo aski ya ce, "Sarkin askar kaji, da wadda ka yi wa kaza za ka yi mini, ko akwai ta mutane?"

Sallau ya ce, "Zauna, ai ita ba ta motsi in ana yi mata, ta fi ka hankali."

Ya ware mata askarta daban, bai kuma fasa zuwa ba ko da ruwa ake yi.

Almakashi ta yi ƙwai, ta kwanta, ta fito da 'yan tsaki wake-wake, bakin kowanne a miƙe. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida don masu wucewa su gani. Waɗanda suka ce a bar wa shaho su ne suka fara zuwa roƙon iri. Ta raba 'yan tsakin, ta fara da mutum ukun nan.

Bayan haka ƙafar Gwaggo ta matsa mata, autarta da ke birni ta ce ta koma wurinta kusa da asibiti, gidan kuwa na haya ne, ba a kiwo. Lokacin damƙa uwar kaji ya yi. Gwaggo ta kira su, kazar na cinyarta, ta ce kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Uwani ta ce, "Gwaggo, da ban taɓa wuyanta ba, da ba ta kai ga kasko ba, balle aska."

Ladidi ta sunkuyar da kai, don suruka ce, ta ce, "Yaya ta ciyar da ita, gaskiya ne. Amma da bakinta take ci yanzu, ba ta jiran kowa."

Sallau ya ce, "Ku kun yi naku kun gama. Ni in na ajiye aska, kafin kaka ta zagayo ba kaza."

Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta cike da fara'a, ta ce ita dai ba a taɓa haɗa mata mutane uku irin waɗannan a gida ɗaya ba. Motar da za ta ɗauke ta na tsaye a waje, hannunta na kan bayan kaza, ta kasa miƙawa.

Inna Yalwa ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta ta dube mu.

"To, ku da kuke zaune, in ku ne Gwaggo Tasalla, a hannun wa za ku sa Almakashi: wadda ta ciyar da ita, ko wadda ta sa ta ci da kanta, ko wanda har gobe yake gyara mata baki?"